Tarihin Rubuta Madogara a Manhajojin Salsala

Manhajar salsala ita ce wadda ake zuba sunayen iyaye da kakanni a cikinta, da ranakun haihuwarsu da aurensu da rasuwarsu, ta jera su tsatso bayan tsatso. Madogara kuwa ita ce amsar tambayar da ba ta barin mai bin asali: a ina ka samo wannan? Tana iya zama rajistar coci, ko takardar ƙidaya, ko wasiyya, ko rubutun kan kabari, ko bakin wata tsohuwa. Tun daga shekarun 1980 masu ƙera waɗannan manhajoji, galibinsu a Amurka, suke kai gwauro da mari a kan abu guda, wato yadda mutum zai rubuta inda ya samo labari ba tare da aikin ya gundure shi ba, kuma abin da ya rubuta ya ishi wani ya koma ya gani da idonsa.

Tushen lamarin yana jihar Utah, wurin mabiya cocin da aka fi sani da Mormon, waɗanda addininsu ya ɗora musu neman sunayen kakanninsu domin yi musu baftisma bayan sun mutu. Sun kafa ƙungiyar binciken salsala a 1894, suka fara ɗaukar hoton tsofaffin takardu a kan ƙaramin fim a 1938. A 1984 cocin ya fitar da manhajar Personal Ancestral File, kuma a shekarar ne aka soma tsarin GEDCOM, fayil ɗin da ke ɗaukar bayanai daga wata manhaja zuwa wata. Kwamfutocin wancan lokaci ba su da wadataccen wuri, hankalin kowa kuma yana kan sunaye da ranaku. Wanda ya damu da madogara sai ya cusa ta a gurbin ƙarin bayani, kowa da irin tasa dabarar. Babban rumbun da cocin ya tara daga gudummawar jama'a, Ancestral File, ya bazu da miliyoyin sunaye ba tare da madogararsu ba. Kuskuren mutum ɗaya sai dubbai su kwafa, kuma babu hanyar gano inda ya faro.

GEDCOM 5.5, wanda ya fito a 1996, shi ne ya shimfiɗa tsarin da har yau ake tafiya a kansa. Ya raba abin gida uku: ma'adanar da takarda take, ita kanta madogarar, sai kuma ambaton da ke ɗaure ta da wani mutum ko wani lamari. Madogara tana da gurabe kaɗan, na marubuci da sunan littafi da bayanin bugu da abin da aka kwafo. Ambato kuma yana da gurbi mai suna PAGE, wanda ba ya ɗaukar fiye da haruffa 248, da wani mai suna QUAY, inda ake ba hujja maki daga 0 zuwa 3. Duk wanda ya dubi guraben nan zai ga da littafin ɗab'i aka auna su. To amma yawancin abin da mai bin salsala ke riƙewa ba shi da marubuci ballantana maɗaba'a. Takardar ƙidayar Amurka ta 1850 tana buƙatar jiha da gunduma da gari da shafi da lambar gida da lambar iyali, duk kuwa sai dai a dunƙule su a cikin PAGE. Makin QUAY ma bai wadatar ba. Takardar shaidar mutuwa hujja ce mai ƙarfi a kan ranar da mutum ya rasu, domin a lokacin aka rubuta ta, amma ranar haihuwar da ke cikinta ta fito ne daga bakin wani ɗan uwa da wataƙila ba a haife shi ba a lokacin.

Su kuwa masana suna can suna tasu tafiyar. Richard Lackey ya wallafa ɗan littafinsa Cite Your Sources tun 1980. Elizabeth Shown Mills ta biyo da Evidence! a 1997, sannan a 2007 ta fitar da Evidence Explained, mai shafi 885 da misalan ambato fiye da dubu, wanda ta gina a kan salon The Chicago Manual of Style. A tsakanin littattafanta biyu, a shekarar 2000, hukumar nan mai ba ƙwararrun masu binciken salsala shaida, Board for Certification of Genealogists, ta bayyana ma'aunin tabbatar da hujja mai sharuɗɗa biyar, cikakken ambaton madogara yana ɗaya daga ciki. Abin da Mills ta nace a kai shi ne ambato yana da aiki biyu: ya nuna inda takarda take, ya kuma bayyana irinta domin a auna ta. Asali ce ko kwafi? Wanda ya ba da labarin ganau ne ko jiyau? Ta kuma koyar da ambato mai hawa-hawa. Idan hoto ka gani a intanet, wanda aka ɗauko daga fim, fim ɗin kuma na rajistar wani coci ne, to sai ka faɗi duka ukun, domin kowane hawa yana iya shigo da nasa kuskuren. Wanda ya yi karatun hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, isnadi ne: kowane mai ruwaya sai an ambace shi, a san wa ya karɓa daga wa.

Kamfanoni suka rungumi littafin Evidence Explained hannu biyu. Legacy Family Tree ta fito da SourceWriter a 2008, RootsMagic 4 ta zo a 2009 da ɗaruruwan samfuran fom, Family Tree Maker ma ta bi sahu. Niyyar mai kyau ce. Ka zaɓi irin takardar da ke hannunka, ka cike gurabe, manhaja ta tsara maka jimlar da waƙafinta da ayarta. Sai dai wahalar ba ta tafi ba, wuri ta sake. Maimakon tunanin yadda zai rubuta, sai mai bincike ya koma lalube a cikin dogon jeri yana neman fom ɗin da ya dace da wasiƙar kakarsa. Aka kuma rabu gida biyu, masu dunƙulewa da masu rarrabewa. Na farko suna ɗaukar ƙidayar 1850 gaba ɗayanta madogara guda, su zuba sauran bayani a ambato. Na biyu kowane gida a cikin ƙidayar madogara ce mai zaman kanta, har jerin nasu ya kai dubbai.

Babbar ɓarnar tana fitowa ne ranar ƙaura. GEDCOM bai san waɗannan fom ba, don haka kowane kamfani ya ƙirƙiri alamominsa na kansa waɗanda manhajar wani ba ta ganewa. Mutum ya shafe shekaru yana cike gurabe, ya ɗauki fayil ɗinsa zuwa wata manhaja, ya tarar an narkar da komai cikin layi ɗaya, ko wani sashe ya ɓace. Ƙaura kuwa ba kullum da son rai ake yin ta ba: an daina tallafa wa Personal Ancestral File a 2013, The Master Genealogist kuma a 2014, masu amfani da su suka kwashi kayansu dole.

An yi ta yunƙurin gyara. Ƙungiyar GENTECH ta fitar da wani tsarin bayanai da ke fara gini daga hujja kafin a kai ga hukunci, amma manhajoji kaɗan suka ɗauka. Masu amfani da suka gaji da jira suka haɗu a ƙarƙashin BetterGEDCOM a 2010, daga nan aka sami ƙungiyar FHISO, wadda ta tsara daftarin yadda za a riƙa musayar sassan ambato ɗaya-ɗaya. FamilySearch, ƙungiyar binciken salsala ta cocin Mormon, ta sanar da GEDCOM X a 2012. Manhajar kyauta ta Gramps, a bugunta na 3.4 a wannan shekarar, ta mai da ambato abu mai zaman kansa, yadda gyara ɗaya zai isa duk wuraren da aka liƙa shi.

Sauƙin da jama'a suka fi ji a jikinsu daga manyan rumbunan intanet ya zo, irin su Ancestry da FamilySearch da MyHeritage. Ka sami takarda, ka latsa sau ɗaya, ta manne da sunan kakanka tare da ambatonta. Wannan ya sa ɗimbin mutanen da ba su taɓa rubuta madogara ba suka wayi gari da ita, kuma ci gaba ne na gaske. Illarsa ita ce ambaton da na'ura ta rubuta yakan tsaya a sunan rumbun, ko a fihirisar da wani ya kwafa, bai kai ga takardar asali ba. Idan adireshin ya canza ko kuɗin rajista ya ƙare, abin da ya rage ba lallai ya kai mutum ma'adana ba.

Akwai kuma madogarar da tsarin bai taɓa zama daidai da ita ba, wato baki. FamilySearch tana tattara salsalar baka a ƙasashen Afirka, ciki har da Ghana da Nijeriya, daga dattawan da suka haddace jerin kakanni. A nan ba a maganar shafi. Abin da ake buƙata shi ne sunan mai ba da labari, da shekarunsa, da dangantakarsa da waɗanda yake ambata, da wanda ya karɓa daga gare shi, da rana da garin da aka yi hirar.

GEDCOM 7.0 ya fito a 2021. Ya cire iyakar tsawon rubutu, ya tsaya a kan UTF-8, wanda ke ɗaukar haruffa masu lanƙwasa da na ajami, ya kuma ba da damar haɗa hotunan takardu da bayanai a ƙunshi ɗaya. Amma guraben madogara suna nan kusan yadda aka bar su a 1996, kuma babu samfurin fom ɗin da duk manhajoji suka amince da shi. Shi ya sa gogaggun masu bincike da dama suke rubuta ambatonsu da hannu, cikakkiyar jimla a gurbi ɗaya, domin ita ce ke isa kowace manhaja ba tare da ta zube a hanya ba.