Daga Sandar Matafiyi Zuwa Hatimin Biza: Yadda Hanyar Gabas Ta Sauya

A zamanin kakanninmu, idan mutumin Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya ƙudurta niyyar tafiya Gabas, ba ya neman iznin kowa sai na mahaifa da malaminsa, kana ya yi sallama da sarkin garinsu, ya biya basussukansa, ya bar wasiyya, domin kowa ya san tafiya ce wadda ba a yanka wa ranar komowa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tafi a kan cewa istiɗa'a, wato ikon da ke wajabta Hajji, ba lalle sai da dukiya da abin hawa ba. Wanda yake da lafiyar taka ƙasa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, to farali ya hau kansa. Wannan fatawa ce ta buɗe wa talaka ƙofa, har ya zamana manomi da masaƙi da wanzami suna fita da iyalansu, su bi ta Kano da Barno, su ratsa Wadai da Darfur, su yada zango a Fashir ko Ubayyid su yi ƙodago shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan su ƙarasa Sawakin su jira jirgin ruwan da zai tsallakar da su Bahar Maliya zuwa Jidda.

Ƙaura mafi girma ta auku ne a 1903, sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya fuskanci Gabas, jama'a suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa. Ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekara, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran muhajirai har Sudan, suka kafa gari a bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar, wanda har yau ake kira da sunansa. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, sai ƙasar ta zama matattarar mutanenmu, da yawa suka shagala da neman guzuri har tsufa ya cim musu, 'ya'yansu suka tashi ba su san Zamfara ba sai a bakin iyaye.

To, a nan ne takarda ta shigo. Turawan mulki ba su sami natsuwa da wannan kai da komo ba, saboda tsoron aƙidar Mahadiyya da ke da ƙarfi a Sudan, da fargabar annoba, da kuma rahotannin da ke zuwa daga Jidda na matafiyan da guzuri ya ƙare musu, wasu ma aka sayar da yaransu bayi. Saboda haka tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu suka shiga tsara fasfon alhazai, da allurar rigakafi, da ajiye kuɗin komowa tun kafin a tashi. A ganina akwai tausayi a cikin wannan tsari, amma son sanin wa ya fita, ina kuma ya nufa, shi ya fi rinjaye. Mutane da dama kuwa suka ci gaba da bin barauniyar hanya, don dajin da ke tsakanin Barno da Darfur ya fi ƙarfin ma'aikatan kan iyaka.

Abin da doka ta kasa, sai sauƙin sufuri ya yi shi. Dogo ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. A 1948 attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim, suka kafa kamfanin jigilar alhazai, aka fara da motoci, daga baya aka koma jirgin sama. Shi kuwa jirgin sama ba a shigarsa ta bayan gida. Bayan Sardauna ya yi Hajji a 1955, gwamnati ta ɗauki al'amarin da muhimmanci, aka tura Malam Abubakar Mahmud Gumi, ɗan wannan ƙasa tamu ta Zamfara, ya zama jami'in kula da alhazai a Jidda a 1957. Hukumar alhazai ta ƙasa ta biyo baya a 1975, wadda ake da ita yanzu kuma aka kafa ta a 2006. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Musulmi suka amince da ƙa'idar mutum dubu ɗaya daga kowane miliyan, daga nan kujera ta zama abin rabo, daga tarayya zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, har maniyyacin Bakura ya san cewa kuɗinsa kaɗai ba su isa ba sai sunansa ya fito.

A yau biza iri-iri ce, kowace da haddinta. Ta Hajji ba ta wuce lokacin aikin. Ta Umara ba ta halatta tsayuwar Arfa. Ta aiki sai da kafili da igama, wato takardar iznin zama. Ta yawon buɗe ido kuwa, wadda Saudiyya ta fito da ita a 2019, ba a sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen farko da aka yarda su nema ta intanet ba. Yamma kuwa ta rage da ɗan sauƙi irin na da, tun da yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba ɗan cin rani damar shiga Gana ko Binin ya zauna kwana 90 ba biza.

Amma tsohuwar al'adar zuwa a zauna ba ta mutu ba. Har yanzu akwai masu shiga da bizar Umara su ɓace cikin unguwannin Makka da Jidda, suna wanki da aikatau da tallan abinci, ana ce musu 'yan takari. Abin da kakanninsu suka yi aka kira shi mujawara, aka girmama su a kansa, shi ne a dokar yau laifi, wanda hukuncinsa tara ne da tsarewa a gidan tarhil na Shumaisi, a ɗauki hoton yatsun mutum, a sa shi a jirgi zuwa Kano, a kuma hana shi komawa har tsawon shekaru.