Akawun da ciwo ya kwantar, ya ce ya gano sirrin kasuwa

1/ Bara na zuba rabin kuɗin abincina na zango a kirifto. Wani ne a gurup ya zana layuka a kan jadawalin farashi, ya ce "muna igiya ta uku, tashi za ta yi." Ba ta tashi ba, garin kwaki na sha har hutu. Haushi ya sa na bi tarihin wannan abu da ake kira Elliott Wave. Ku biyo ni. 🧵

2/ Mai shi sunansa Ralph Nelson Elliott, an haife shi a jihar Kansas ta Amurka a 1871. Akawu ne, ya daɗe yana riƙe lissafin kamfanonin jirgin ƙasa a Meziko da Amurka ta Tsakiya. A can ya kwaso ciwon ciki da ya tilasta masa ajiye aiki.

3/ Yana jinya ya duƙufa kan jadawalin kasuwar hannun jari na kusan shekara 75. Sai ya ce farashi yana tafiya kamar igiyar ruwa: taku biyar zuwa inda kasuwa ta nufa, taku uku a koma baya. Kowane taku kuma akwai ƙanana irinsa a cikinsa. Dalilinsa: kwaɗayi da tsoron jama'a suna zagayowa.

4/ A watan Maris na 1935, mutane na cikin fargaba, ya ce faɗuwar ta kai ƙarshe. Kasuwa kuwa ta juya sama. A 1938 littafinsa The Wave Principle ya fito, ya rasu a 1948.

5/ Abin ya kusa shiga kwandon mantuwa, sai Robert Prechter da A. J. Frost suka farfaɗo da shi da littafinsu na 1978. Prechter ya hango babban tashin shekarun 1980, sunansa ya cika gari. Har nan ake tsayawa a gurup, ba a ƙarasa labarin.

6/ Ga sauran. A 1995 Prechter ya fitar da littafi yana gargaɗin mummunar faɗuwa. A shekarar ma'aunin Dow Jones ya taɓa 5,000, a 1999 ya wuce 11,000. A 2010 ya ce zai iya komawa ƙasa da 1,000. A 2024 ya haura 40,000.

7/ Mutumin da ya fi kowa sanin tsarin ke nan fa. Matsalar tana cikin ƙirgar: mutum biyu su dubi jadawali ɗaya, wannan ya ce igiya ta uku, wancan ya ce ta biyar. In kasuwa ta saɓa, sai a sake ƙirga a ce dama haka ne. Bayan abu ya faru kowa gwani ne.

8/ Ban ce kada ku koya ba, yana koyar da lura da halin jama'a a kasuwa. Amma duk wanda zai sayar muku da sigina, ku ce ya nuna hasashensa na baya mai kwanan wata, har da wanda ya faɗi. Ni ban tambaya ba. Kuma don Allah, kuɗin makaranta da na abinci a bar su inda suke.