Daga Jigo Zuwa Mashin

A Girka ta dā, ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu wasan kwaikwayo a Atina suna da wani dogon itace mai igiya da ake ɗaga ɗan wasa sama da shi, ya bayyana a matsayin abin bautarsu ya warware rikicin labari. Sunan itacen "mekane". Rumawa suka ara suka ce "makina", ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci, har ta iso bakinmu a matsayin mashin, wato babur. Kalmar da ta fara da ɗaga mutum sama yau ita ke kai shi kasuwa.

Girkawa sun kuma kira na'urar ɗaga duwatsun gini "geranos", sunan tsuntsu ɗan uwan gauraka, saboda dogon wuyanta. Turanci da Jamusanci har gobe da sunan tsuntsun suke kiranta.

Mu ma muna da irin wannan. Jigo shi ne itacen ban ruwa a lambu: guga a gaba, nauyi a baya, manomi na ja yana juyewa. Shi ke ɗauke da nauyin aikin, shi ya sa muke cewa jigon jam'iyya da jigon labari. Yanzu injin ban ruwa ya karɓe fadamu da yawa. Ɗalibi zai rubuta jigon littafi a jarrabawa bai taɓa ganin jigo ba. Ya kamata malamin adabi ya fara nuna masa itacen.