Amsar Takarda: Taimako Ne Ko Kora? Jigilar Manoman Ailan Zuwa Kanada

Tambaya: Wani mai sauraronmu a yau da kullum daga Damagaram ya aiko da takarda yana cewa, wai shin gaskiya ne a zamanin yunwa masu gonaki a ƙasar Ailan sun biya wa talakawansu kuɗin jirgi zuwa ƙetare? In haka ne, taimako ne ko kuwa kora?

Amsa: To malam, gaskiya ne an yi haka, amma bari mu faro daga tushe. A wancan zamani Ailan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, kuma akasarin manomanta haya suke yi a gonakin manyan masu ƙasa. Dankalin turawa shi ne tuwonsu, safe da dare. A shekarar 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, ta sake dawowa a 1846 ta ruɓar da kusan duk amfanin gona. Ƙidayar 1841 ta sami mutane fiye da miliyan 8, ta 1851 kuwa wajen miliyan 6 da rabi. Kimanin miliyan ɗaya yunwa da cuta suka kashe, wasu kamar haka suka tsere.

Abin da ya sa masu gonaki suka shiga harkar jirgi kuwa lissafi ne. Wata doka ta 1843 ta ɗora musu biyan harajin ciyar da gajiyayyu a kan duk ƙaramar gonar da ƙimarta ba ta wuce fam 4 ba. Ke nan talaka ba ya iya biyan haya, ga shi kuma ana biya masa haraji. Wakilan masu gonaki suka buga lissafi, suka ga kuɗin jirgi sau ɗaya ya fi arha a kan ciyar da iyali shekara guda a gidan gajiyayyu.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Manjo Denis Mahon, mai gonakin Strokestown a gundumar Roscommon. A watan Mayun 1847 aka tara mutanensa 1,490, maza da mata da yara, suka taka da ƙafa wajen kilomita 165 zuwa Dublin, daga nan sai Liverpool, inda aka zuba su cikin jirage huɗu zuwa Kyubek a Kanada. Jiragen ba su da isasshen ruwa ko abinci, ga zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. A jirgi ɗaya kawai mai suna Virginius, cikin fasinja 476, mutum 158 suka mutu a teku, wasu kuma suka cika a tsibirin Grosse Île inda ake killace masu cuta. Labari ya komo gida, kuma a ran 2 ga Nuwamba na wannan shekara aka harbe Manjo Mahon har lahira a kan hanyarsa ta komawa gida.

Shi ma Lord Palmerston, wanda a lokacin shi ne ministan harkokin wajen Birtaniya, ya tura wajen mutum 2,000 daga gonakinsa na Sligo. Na ƙarshensu sun sauka a Kanada ana shiga hunturu, ba su da suturar kirki, har hukumomin garin Saint John suka yi ƙorafi. A ganinmu, mutumin da aka ce masa ko jirgi ko a rushe masa ɗaki, da wuya a ce an ba shi zaɓi.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tsakanin 1882 da 1884 wani Baturen Ingila, James Hack Tuke, ya shirya ƙaurar mutane kusan 9,500 daga yammacin Ailan. Shi iyali yake ɗauka gaba ɗaya, ba ya raba uwa da 'ya'ya, a ba su tufafi da ɗan guzuri, a kuma tanadi mai tarbarsu a can. Amma fa malam, waɗanda aka biya wa jirgi ta irin waɗannan hanyoyi 'yan kaɗan ne. Mafi yawa da kuɗinsu suka tafi, ko da abin da ɗan'uwa da ya riga su isa Amurka ya aiko gida.