Hukumar Kula da Tafkin Chadi: Kafuwarta da Sauyin Aikinta

An kafa Hukumar Kula da Tafkin Chadi ranar 22 ga Mayu, 1964, a birnin Fort-Lamy, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Njamena, inda Ahmadu Ahidjo na Kamaru, da François Tombalbaye na Chadi, da Diori Hamani na Nijar, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa na Nijeriya suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta haife ta. A wancan lokaci tafkin yana cike fal, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, saboda haka abin da ke gaban shugabannin shi ne yadda ƙasashe huɗu da ba su daɗe da samun 'yanci ba za su ci moriyar arzikin da suka yi tarayya a kansa ba tare da husuma ba. Dokar kafuwar ta ɗora wa hukumar tattara bayanai, da daidaita ayyukan raya yankin, da sasanta saɓani, ta kuma wajabta wa kowace ƙasa tuntuɓar hukumar kafin ta fara aikin da zai taɓa yawan ruwan, sai dai ba ta ba ta ikon hana wanda ya ƙi ji ba, kuma daga wannan giɓi ne yawancin wahalhalunta suka taso.

Tafkin Chadi ba shi da zurfi, ba shi kuma da mafita zuwa teku, ga zafin rana yana ɗauke masa ruwa mai yawa kowace shekara, don haka rayuwarsa ta rataya ne a kan kogin Shari da reshensa Logon, waɗanda suke kawo masa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogunan da ke kwarara cikinsa daga kudu, inda damina ta fi albarka. Da fari ya auka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, sai tudun da ke tsakiyar tafkin ya bayyana a 1973 ya raba shi gida biyu, kuma bayan farin 1984 abin da ya saura bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba, yayin da ɓangaren arewa, wanda Nijar da Nijeriya suka fi dogara da shi, ya riƙa ƙafewa ƙarƙaf.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma kowace ƙasa ta duƙufa ga nata aikin noman rani bisa nata lissafi. Nijeriya ta gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a kan kogunan da ke shayar da kogin Komadugu Yobe mai kwarara cikin tafkin, Kamaru ta gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, lamarin da ya hana fadamar Waza-Logon ambaliyar da makiyaya da masunta suka saba jira. Babban aikin ban ruwa na kudancin tafkin a Borno, wanda aka tsara shi a kan kyautata zaton cewa ruwa zai tsaya inda yake, ya wayi gari gaɓa ta ja da baya ta bar magudanansa a bushe. A dausayin Haɗejiya da Nguru kuwa, sauyin yadda ruwa ke sauka daga madatsu ya ba ciyawar kachalla damar toshe hanyoyin ruwa, har manomi ya ga gonarsa ta nutse alhali maƙwabcinsa na gaba yana kukan ƙishirwa. Raguwar ruwan sama ita ce babban dalilin janyewar tafkin, amma irin waɗannan ayyuka su ne ainihin abin da aka kafa hukumar domin daidaitawa, kuma ba ta iya ba.

Inda ta taka rawar gani shi ne batun iyaka. Masunta da manoma, cikinsu har da Hausawa masu yawa da ke sana'ar banda, wato busar da kifi da hayaƙi, sun bi ruwa yana janyewa suna kafa ƙauyuka a kan ƙasar da ta fito, suna shuka masara da wake a danshin da ya bari, ba tare da sanin ƙasar da suka shiga ba. Bayan arangamar sojojin Nijeriya da Chadi a 1983, hukumar ta jagoranci shata iyaka a cikin tafkin tsakanin 1988 da 1990, ko da yake taƙaddamar yankin Darak tsakanin Nijeriya da Kamaru ba ta mutu ba sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002 cewa na Kamaru ne.

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda Shari ya samo tushe, ta shiga hukumar a tsakiyar shekarun 1990, Libiya ta biyo baya a 2008. A 2012 shugabannin suka amince da Kundin Ruwa, wato yarjejeniyar da ta ƙayyade yawan ruwan da za a iya ɗiba da kuma wanda dole a bar wa kogi domin kifi da fadama su rayu, kuma wannan ne yunƙuri mafi muhimmanci na toshe giɓin 1964. Duk da haka, shawarar janyo ruwa zuwa tafkin daga kogunan yankin Kongo ita ta fi cika bakin 'yan siyasa, har ta mamaye taron da aka yi a Abuja kan tafkin a 2018, alhali ba a haƙa ko taku ɗaya na magudanar ba.

Rikicin Boko Haram ya ɗora wa hukumar nauyin da masu kafa ta ba su yi tsammani ba, domin tun 2015 rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin, mai hedikwata a Njamena, tana ƙarƙashin inuwarta, Babban Sakataren hukumar kuma shi ne shugaban aikin a siyasance. Wannan ya ɗaga martabarta a idon duniya, amma ya janye hankali daga awon ruwa da kula da koguna, a daidai lokacin da hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna cewa ɓangaren kudu na tafkin ya daina raguwa tun shekarun 1990, kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 suka raba ɗimbin mazauna gaɓar Shari da Logon da gidajensu.