Lefe Sunan Kwando Ne

Yau daga Zuru nake magana, kuma da tambaya zan fara: da aka kawo lefen yayarku, akwati nawa kuka ƙirga? To, wa ya taɓa gaya muku cewa shi lefen kansa sunan kwando ne?

Wani ɗan kwando ne da ake saƙawa da kaba, wato ganyen goriba. A cikinsa mata ke ajiye auduga da mazarin kaɗi, a cikinsa kuma dangin ango ke jera zannuwan amarya. Idan kaya sun yi yawa sai adudu, babba mai murfi. Da kayan kanti suka shigo, kwalla ta ture su, fantimoti ya ture kwalla, yau ga mu da saitin akwatuna 'yan China. Sunan dai ya tsira, amma kuɗin da ke shiga hannun masaƙin ƙauye ya koma na ɗan kasuwa.

A nan ƙasar Zuru ma, inda saurayin Dakarkari ke biyan aure da noman golmo na shekaru, da kwando ake kwaso dawar daga gona. Yanzu buhu da roba sun karɓe aikin. Abin da ya fi damuna shi ne dajin: a wajejen Danko-Wasagu da Sakaba, matsalar 'yan bindiga ta sa shiga daji yankan kaba ya zama kasada.

Ranar kasuwa, ku leƙa wajen masu kwanduna ku duba shekarunsu. Kuma don Allah, ku rage taya musu kaya da rabin kuɗi.