Dutsin-Ma: Daga Dutsen Maharbi Zuwa Garin Jami'a

Wannan makon gida za mu leƙa.

Garuruwan bakin teku irin su Legas jiragen ruwa ne suka raya su. Jirgi ya sauke kaya, ya sauke baƙi, baƙin su yi gida. Mu nan tsakiyar Katsina ba mu da teku, amma tarihin Dutsin-Ma bai yi nisa da wannan ba. Duk lokacin da garin ya samu abin da zai tsayar da baƙo, sai ya ƙara faɗi.

Abu na farko dutse ne. Yadda muka ji a bakin manya, wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a dutsen da ke cikin garin, har sunansa ya bi wurin. Sai sarauta. Garin ya zama mazaunin Yandakan Katsina, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki, kamar yadda Kurfi take mazaunin Maraɗin Katsina. Inda hakimi yake kuwa, nan alƙali da kasuwa suke. Hanyar motar da ta taso daga Katsina, ta ratsa Kurfi da Dutsin-Ma ta nufi Ƙanƙara, ita ta kawo fatake da dillalan hatsi da na dabbobi.

A 1976 Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma, ma'aikata suka tare da iyalansu. A 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, masunta da manoman rani suka samu abin yi. Sai dai aikin ruwan shan da ake fata daga madatsar, sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi, bayan shekara 38.

Daga nan sai makarantu. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ta fara tara ɗalibai, sannan a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya. A kan idonmu gonakin bayan gari suka koma gidajen haya, 'yan acaɓa da masu sayar da abinci suka ƙaru.

Amma ba kowane baƙo ne alheri ya kawo shi ba. Hare-haren 'yan bindiga sun koro mutanen ƙauyuka da dama zuwa cikin gari. A watan Satumban 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Wannan ma faɗaɗa ce, amma mai ɗaci.

To ina ruwan marubuci? Shekarun da muka lissafa suna nan a takardun gwamnati, ba za su ɓata ba. Abin da zai ɓata shi ne labarin tsohon da ya ga gonarsu ta nutse a Zobe, da na tsohuwar da ta baro ƙauyensu da tsakar dare. Idan ƙasa ta rufe idonsu ba mu rubuta ba, shi ke nan.

Don haka kowannenmu ya nemi dattijo ɗaya a unguwarsu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, me ya kawo gidanku garin nan, kuma a zamanin wane hakimi?" Ya rubuta amsar yadda aka ba shi, kada ya ƙara gishiri. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.